Allon Sunayen Tsohuwar Sakandare

Ranar Litinin da hantsi Kafinta ya shiga babban ɗakin taro na tsohuwar sakandare riƙe da kwalbar maganin cire fenti, ya ɗaga kai, ya ga bango fayau. Ƙusoshi shida ne kawai a jere a inda allon sunaye yake. Ya fita ya sake shigowa, wai ko ɗakin ya ɓata. Sannan ya kwarma ihu.

Kafin a je a taho da Mai Sawu, rabin unguwa ta riga ta tattake harabar makarantar. Shekara talatin Mai Sawu ya yi yana aikin gandun daji, yana bin masu sare itatuwa da ɓarayin dabbobi, kuma tun da ya ajiye aiki ba a yin ɓata a unguwar ba a buga masa ƙofa ba. Ya tsaya a bakin get ya dubi ƙasa, ya ga sawun mutum ya fi ɗari, ya ja tsaki.

"Kun kira ni in karanta takarda bayan kun zuba mata shayi," in ji shi.

Malama ce ta tarbe shi, wadda aka ba wa ragamar mayar da ginin cibiyar karatun manya da koyon sana'a. Idanunta sun yi ja.

"Baba, ka yi haƙuri, ban iya hana su ba. Kowa ji yake makarantar tasa ce."

Tana tafe tana yi masa bayani. Ginin ya haura shekara tamanin. Da aka gina sabuwar sakandare a bayan gari, sai aka mai da wannan sito, aka jibge takin zamani a azuzuwa shekara da shekaru, aka bi duk wani katako aka shafe da koren fenti. Yanzu tsofaffin ɗalibai sun tashi tsaye a ƙarƙashin Ciyaman, suna son a sa ginin cikin gine-ginen tarihi, a gyara shi, karatu ya dawo. Ranar Alhamis masana uku za su zo dubawa. In sun amince, ginin ya tsira. In ba su amince ba, akwai Ɗan Kwangila da ke riƙe da takardar rusau tun bara, zai jera shaguna a filin.

"To allo fa, me ya haɗa shi da wannan?"

"Gara ta cinye duk takardun makarantar, Baba. Allon nan kaɗai ya rage. Duk shekara ana sassaƙa sunan wanda ya zo na ɗaya tun daga shekarar farko. Shi na sa a matsayin babbar shaidarmu. Kafinta yana ta kankare fentin daga sama, layi-layi, saura kaɗan. Ciyaman ya ce a bar ragowar a kankare a gaban baƙi."

"Girmansa fa?"

"Ya fi ka tsawo. Faɗinsa kuwa sai ka buɗe hannuwanka duka biyu."

Jama'a a bayansu tuni sun yanke hukunci. Wasu na cewa Ɗan Kwangila ne, ko tantama babu. Wasu na cewa Kafinta ya san darajar tsohon katako fiye da kowa. Wata tsohuwa ta ce ai dama tun da ake ajiye taki a wurin take jin motsi.

*

A bayan ɗakin taron, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, Mai Sawu ya sami abin da yake nema. An yi ruwa ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ba aiki, don haka ƙasa ta riƙe komai. Tayar baro ta nutse sosai tun daga ƙofar baya, ta bi ta gefen tankin ruwa, ta miƙe har ƙaramin get da ke fita kan kwalta. Mai tura baron sanye yake da takalman roba irin na magina. Daga bakin kwalta baron ya dawo ba nauyi.

Sajan, ɗan sandan da aka turo, ya rufe littafinsa.

"Magana ta ƙare ke nan. Sun tura shi zuwa titi, sun ɗora a mota."

"Haka ta nuna," in ji Mai Sawu.

Amma bai tashi daga tsugunnon ba. Sawun ya yi kyau da yawa. Ɓarawo yakan yi sauri, yakan karkace, yakan tsaya ya waiwaya. Wannan kuwa ya tafi a miƙe kamar mai kai kaya gidan surukai. Kuma mutum ɗaya ne. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sawun dai bai canza ba.

Takalman suna nan a ɗakin ajiyar magina, ƙafa biyar a jere, ɗakin ko ƙofa babu. Kowa na iya sawa.

*

Mai Gadi yana zaune a kan bencinsa, ya haɗa tagumi. Dattijo ne siriri, mai jan ƙafar hagu, shekararsa talatin a bakin get ɗin nan, tun zamanin taki.

"Ina kake jiya?"

"'Yata ce ta haihu. Na kulle na tafi asibiti da rana, ban dawo ba sai yamma."

"Da ka dawo ba ka leƙa ɗakin taro ba?"

"Ban leƙa ba. Laifina ne, Baba, ban musa ba."

"Ba Babanka ba ne ni, ka girme ni da furfura," in ji Mai Sawu. "Wa ke da makullin ƙaramin get?"

"Ni, da Ciyaman, da Kafinta. Kwaɗon ma in ka jijjiga shi buɗewa yake."

Ɗan Kwangila bai jira a neme shi ba. Da kansa ya zo a mota, ya fito yana gyara agogo.

"Na ji ana ta kiran sunana. Baba, dube ni da kyau. Ni da ke da katafila biyu, zan tsaya satar allo da baro? In ginin nake son kayarwa, jira kawai zan yi, ruwan sama zai yi mini aikin."

"An ce an ga motarka jiya a bayan makarantar."

"An gan ta. Na zo auna faɗin titi, ni da mai awo, da rana tsaka. Ka tambaye shi."

"Ka ga wani?"

"Na ji dai ƙarar baro daga ciki. Na ce a raina mutanen nan ko ranar hutu ba sa hutawa."

Mai Sawu ya dube shi. In ƙarya yake yi, me ya sa zai ce ya ji baro? In gaskiya yake faɗi, to yana tsaye a kan titin, ina motar da aka ɗora allon? Ya tambaye shi, Ɗan Kwangila ya ce shi bai ga wata mota ba sai tasa, ya kuma yi dariya da ya gane cewa wannan amsar ba ta taimake shi ba.

Kafinta yana aji na ƙarshe a ƙuryar baranda, inda aka jingine sababbin allunan rubutu a bango kafin a kafa su. Yana zaune a ƙasa, ya dafe kai. Mai Sawu ya gaji, gwiwoyinsa na masa ciwo, sai ya jingina da allunan yana sauraro.

"Sati uku ina bin allon nan kamar mai yi wa jariri wanka," in ji Kafinta. "Da zan sace shi, ai da tun yana kore zan ɗauke, ba sai na gama wahala ba. Matata ma ta ce na fi kula da shi a kanta."

"Ka lura da wani abu a jikinsa?"

"Katako ne mai nauyi, na da, ba irin na yanzu ba. Sai dai layin da zan shiga gobe, da na ɗan ɗiga masa magani ranar Asabar, na ga ya yi laushi, kamar ba katako ba. Na ce sai Litinin in duba."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Mai Gadi ne kawai ya riƙe mini tsani."

Ciyaman ya iso da azahar, yana dogara sanda. Babban mutum ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma mahaifinsa ya taɓa shugabantar makarantar. Shekara huɗu yana hawa benen ofisoshi saboda ginin nan. Ya tsaya gaban ƙusoshin shida, bakinsa na rawa.

"Sunana na kan allon nan," ya ce. "A ƙasa-ƙasa. Ba don shi nake kuka ba, wallahi. Mutum ɗari uku suka rubuta suna za su fara karatu. Akwai matar da ta ce mini so take ta karanta takardar maganinta da kanta kafin ta mutu. Me zan ce mata?"

"Ina kake jiya, ranka ya daɗe?"

Ciyaman ya juyo a hankali. "Ni ma?"

"Kana da makulli."

"Ina gida, ƙafa ta kumbura. Ka tambayi duk wanda ka ga dama."

Mai Sawu ya koma ya sake bin tayar baron, sau biyu, ya je ya dawo. Ya tsaya a kan kwalta yana kallon gabas da yamma kamar baƙo. Ɗan Kwangila na da dalili, amma shi ya kawo kansa. Kafinta na da hannu da makulli, amma kukansa na gaskiya ne. Mai Gadi ba ya nan. Ciyaman ko tsani ba zai iya hawa ba. Sawu ya ce allo ya fita, wanda ke tsaye a titi ya ce bai fita ba. Tun da yake bin sawu bai taɓa jin kansa ya kulle haka ba, har ya fara tunanin ko idanunsa ne suka gama aiki.

*

Da yamma ya shiga gida, matarsa ta dube shi ta riƙe baki.

"Malam, ɓarawon ka kama ko kokawa kuka yi da mai gawayi? Dubi kafaɗarka!"

Ya cire rigar ya duba. Baƙin fenti ne, shafe guda, daga kafaɗa zuwa baya.

"Farar rigar nan jiya na goge ta. Wannan ko da kananzir sai an sha fama."

"A ina na samo wannan?"

"Ni kake tambaya? Ni na bi ka?"

Ya zauna da rigar a cinya yana lissafa inda ya taɓa. Bai zauna a bencin Mai Gadi ba. Bai shiga motar kowa ba. Ya jingina dai da allunan rubutu a aji na ƙarshe. Amma ai Malama ta ce tun makon jiya mai fenti ya gama da su. Fentin mako guda ba ya kama riga.

Ya miƙe zumbur.

"Ina kuma za ka? Ga ruwan wanka na kai."

"Yanzu zan dawo."

Rana ba ta faɗi ba ya isa. Ya wuce tankin ruwa tukuna. Tsakanin tankin da bango lungu ne da baro ke wucewa da ƙyar, ga bututu ya gitta a daidai ƙirji, saƙar gizo na reto a jikinsa, gansakukar bangon ko ƙwarzane babu. Ya buɗe hannuwansa biyu, lungun bai ɗauke su ba. A kwance allon ba zai shige ba, a tsaye kuma bututu zai tare shi. Sau uku ya bi ta nan yau, kansa a sunkuye yana kallon ƙasa, bai ɗaga ido ba ko sau ɗaya.

A bakin ƙaramin get, cikin ciyawa, ga ɓaraguzan bulo tuli guda, ciyawar da ke ƙarƙashinsu ɗanya shar. A nan mai baron ya saki hannayen baro ya juye kayansa, ya yi taku biyu ba abin dafawa. Mai Sawu ya daɗe yana kallon takun nan biyu.

Sannan ya tafi aji na ƙarshe ya ƙirga alluna.

*

Washegari da safe ya sa Malama ta tara su a ajin, ita da Ciyaman da Kafinta da Ɗan Kwangila da Mai Gadi, Sajan na tsaye a bakin ƙofa.

"Kafinta, allo nawa ka yi?"

"Takwas. Aji takwas ne."

"Ƙirga."

Kafinta ya bi su da yatsa. Ya sake bi. "Tara," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ku kama mini na gaban nan."

Sai da Sajan ya sa hannu suka juya shi. Ga sunaye nan a sassaƙe, layi bisa layi, na sama sun fito fes, na ƙasa har yanzu a cikin koren fenti. Malama ta zauna a kan bokitin fenti ba ta sani ba.

"Allon bai taɓa fita ba," in ji Mai Sawu. "An sauke shi, an ja shi ta baranda, an share barandar, an shafa wa bayansa baƙi an jingine shi cikin 'yan'uwansa. Sannan aka cika baro da bulo aka shimfiɗa mini hanya zuwa titi, ni kuma na bi kamar tunkiya. Wanda ya yi wannan ya fi ni kai. Abu ɗaya ya ci shi. Muddin yana riƙe da baro, tafiyarsa daidai take. Da ya saki, ƙafar hagu ta ja ƙasa."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san inda ake nufi. Mai Gadi ya cire hularsa ya riƙe.

"Ni ne. Na je asibitin, amma sai da na gama."

"Kai?" in ji Malama. "Baba Mai Gadi, kai da kake toshe yoyon rufin nan da hannunka? Don me?"

"Nan ne ni ma na tsaya," in ji Mai Sawu. "Na san wa, na san yaya. Don me ɗin ne ya hana ni cin abinci."

Mai Gadi bai amsa ba. Kafinta ya durƙusa gaban allon, ya taɓa layin nan mai laushi, ya karanta shekarar da ke gefensa.

"Shekararmu ce," in ji Ciyaman. "Layina ne."

"Ranka ya daɗe, wannan ba katako ba ne. Ciko ne, garin katako da gam. An cike wani suna, an sassaƙa wani a kai."

Ciyaman ya dubi Mai Gadi. Sandar hannunsa ta fara kaɗawa.

"Ajinmu ɗaya da shi," ya ce wa ɗakin. "Shi ne na ɗaya tun daga shekarar farko, ni ina bin sa. A ƙarshe mahaifina ya ce an kama shi ya saci takardar jarrabawa, aka kore shi, matsayi ya faɗo kaina. Haka aka gaya mini."

"Ba a sassaƙa suna sai an gama komai an tabbatar," in ji Mai Gadi a hankali. "Na ga nawa da idona ranar Talata. Ranar Juma'a aka kira ni ofis."

"Ke nan zargin daga baya ya zo."

"Daga baya ya zo."

"Ni na nema maka gadin nan."

"Na sani. Na kuma san ba ka taɓa iya kallon idona ba in za ka wuce."

Ɗan Kwangila ya buɗe baki, ya rufe.

"To ai kai aka zalunta," in ji Sajan. "Kai ya kamata ka so a gani. Ni fa na rikice."

"A gani a gaban baƙi? Ranar Alhamis, ga masu ɗaukar hoto?" Mai Gadi ya girgiza kai. "Mutumin nan shi kaɗai ake ɗaga wa waya a ofisoshin can. In aka kunyata shi ya janye, wa zai tsaya? Jikata na cikin waɗanda suka rubuta suna, za ta koyi ɗinki da lissafi. Na ce bari in kawar da shi kwana huɗu, baƙi su zo su tafi. Ban san allon ne shaidar ba, Malama, sai jiya da na ji kina gaya masa. Tun daga lokacin na rasa gaba na rasa baya."

Sajan ya buɗe littafinsa, ya dubi Mai Sawu. "Me zan rubuta?"

"Kaya na cikin gidan mai shi. Rubuta cewa an canza masa ɗaki."

Ciyaman ya jingine sandarsa, ya miƙa wa Kafinta hannu. "Ba ni abin kankarar."

"Ranka ya daɗe, bari ni in..."

"Ba ni."

Da ƙyar ya durƙusa. Ya ɗiga maganin, ya sa ƙarfen a kan harafin farko na sunansa, ya danna. Cikon ya ɓare kamar busasshen laka. Hannunsa na rawa, yana yi yana hutawa, ba wanda ya taya shi. Da ɗaya sunan ya gama fitowa, Malama ta karanta shi a fili. Shekara talatin ana ce wa mutumin Mai Gadi, ita kanta ba ta taɓa jin sunansa cikakke ba. Shi kuwa bai dubi allon ba. Ya mayar da hularsa, ya ce ya bar get a buɗe, ya fita yana jan ƙafa.

Ranar Alhamis Ciyaman da bakinsa ya ba masanan labarin, a tsaye, ba tare da ya rage komai ba. Sun fi daɗewa a gaban layin nan fiye da ko'ina a ginin. Bayan wata biyu takardar amincewa ta fito, Ɗan Kwangila ya kai katafilarsa wani filin. Ciyaman ya nemi ya sauka, tsofaffin ɗalibai suka ƙi, Mai Gadi ne ma ya fi kowa ƙi.

Amma a ranar Talatar, da Mai Sawu ya koma gida, matarsa na bakin famfo tana ta fama da farar riga da kananzir.

"To, an kama ɓarawon?"

Ya zauna a kan kujera, ya cire takalmi, ya daɗe yana murza gwiwa.

"An yi sata kam," ya ce. "Shekara arba'in da bakwai ke nan, kuma wanda ya yi ta ya daɗe a ƙasa."